Gane Alamomin Bugun Zuciya Tun da Wuri: Lacca ga Al'ummar Ƙasar Haɗeja



Maudu'in yau shi ne alamomin farko na bugun zuciya: yadda cutar take aukuwa, yadda jiki yake sanar da zuwanta, abin da ke sa a kasa gane ta, da matakin da ya dace a ɗauka a yanki irin na Haɗeja, inda nisa da ruwa kan shiga tsakanin mara lafiya da babban asibiti. Za a bi bayanin a ƙarƙashin batutuwa bakwai.

Na ɗaya: Yadda bugun zuciya yake aukuwa

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana harbawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kusan lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Duk da cewa cikinta cike yake da jini, tsokar ba daga wannan jinin take samun abincinta ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a jikinta ta waje, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ta rabu gida biyu. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ta waɗannan 'yan siraran hanyoyi ne kaɗai iskar numfashi da abinci suke isa ga tsokar.

Da tafiyar shekaru kitse kan riƙa taruwa a bangon jijiyar ta ciki, ya yi tauri, hanyar jini ta tsuke. Wata rana sai fatar da ta rufe kitsen ta tsage, jini ya daskare a wurin ya yi guda, gudan ya toshe ragowar hanyar. Wannan toshewa da mutuwar tsokar da ke biyo bayanta su ake kira bugun zuciya.

Manomin da ke noman rani a Auyo ya san abin da kachala take yi wa magudanar ruwa. Tana tsirowa a hankali, ruwa yana raguwa, fangalin da ke can ƙarshe shi yake fara nuna ƙishi. Ranar da tarkace ya zo ya maƙale a inda ya tsuke, duk abin da ke ƙasa da wurin ya rasa ruwa. Bambancin kawai shi ne shinkafa tana iya jure kwanaki, ita kuwa tsokar zuciya tana fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30. Kafin awa 6 mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku, kuma tsokar da ta mutu ba ta sake tofowa, sai dai tabo.

Akwai cututtuka uku da jama'a kan haɗa su da wannan, kuma ya kyautu a rarrabe. Gazawar zuciya ita ce zuciya ta raunana sannu a hankali har ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku. Irinta ce likitoci a Zariya suka bayyana a shekarun 1970 a tsakanin mata masu jego. Shanyewar ɓarin jiki kuma matsala ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai tsayawar zuciya, wato ta daina harba jini gaba ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan ita ce mafi munin abin da bugun zuciya kan jawo, kuma ta fi aukuwa a awannin farko.

Na biyu: Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen shekarar. Kashi 85 cikin 100 na wannan adadi bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka jawo, sannan fiye da kashi uku cikin huɗu sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. To, ina maganar da ake yi cewa wannan cutar Turawa ce, ko ta masu kuɗi da ke zaune a ofis?

Gaskiya ne a da ba a cika ganinta a asibitocin Nijeriya ba. Wani nazari da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka buga a 2006 ya nuna cewa masu toshewar jijiyoyin zuciya ba su kai kashi 1 cikin 100 na manyan da aka kwantar a sashen jinya ba. Sai dai wannan lissafin waɗanda suka kai asibiti ne. Wanda ya faɗi a gona da hantsi aka yi masa sutura kafin la'asar, aka ce gajeriyar rashin lafiya ce, ba ya cikin kowane littafi.

Daga baya an tattara bayanai daga asibitoci da dama a faɗin ƙasar nan tsakanin 2013 da 2018, a wani aiki mai suna RACE-Nigeria da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta. An bi lamarin marasa lafiya 1,072. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kashi biyu cikin uku maza ne. Abin lura shi ne waɗanda suka isa asibiti cikin awa 12 da fara ciwon ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, waɗanda motar asibiti ta kawo kuwa ba su wuce ɗaya cikin takwas ba. Idan haka lamarin yake a inda manyan asibitoci suke, yaya na mutumin Guri ko Birniwa zai kasance? Wannan ne ya sa sanin alamomin ya fi zama dole ga mazauna karkara.

Na uku: Waɗanda suka fi shiga haɗari

Binciken INTERHEART, wanda aka gudanar a ƙasashe 52 har da na Afirka aka buga sakamakonsa a 2004, ya gano cewa abubuwa tara ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya. Su ne yawan kitse a jini, shan taba, hawan jini, ciwon sukari, tumbi, damuwa, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itatuwa, rashin motsa jiki, da sha'anin giya. Ban da waɗannan akwai shekaru da gado: namiji daga 45, mace daga 55 ko bayan ɗaukewar al'ada, da duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi mutuwar fuju'a yana da sauran ƙuruciya.

A arewacin Nijeriya hawan jini ne kan gaba. Kusan mutum ɗaya cikin manya uku a ƙasar nan yana da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba, domin ba ya sa ciwo. Awon da ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, hawan jini ne. Gishiri yana ƙara shi, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. A wannan lissafi ana haɗawa da dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire, ba gishirin da aka barbaɗa da hannu kaɗai ba.

Abubuwa biyu sun shafi wannan yanki musamman. Na farko ciwon ƙoda, wanda aka daɗe ana kuka da yawansa a garuruwan da ke bin kogin yankin, daga Haɗeja har Gashuwa. Mai ciwon ƙoda jijiyoyin jininsa kan lalace da wuri, don haka yana sahun gaba a haɗarin bugun zuciya. Na biyu ɗabi'ar shan maganin ciwon jiki kullum bayan an taso daga aiki, irin su dikulofenak da ibufurofen da haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis. Yawan shansu yana ɗaga jini, yana cutar da ƙoda, yana kuma ƙara haɗarin zuciya.

Wani zai ce, ai manomi da masunci ba su rasa motsa jiki ba. Haka ne, kuma wannan kariya ce babba. Amma aikin ƙarfi ba ya wanke illar sigari ko shisha, ba ya kuma maganin hawan jinin da aka yi shekara goma ba a auna ba.

Na huɗu: Alamomin share fage

Mutane da yawa da suka gamu da bugun zuciya, idan aka tambaye su daga baya, sukan tuna cewa jikinsu ya yi kwanaki ko makonni yana ba su sanarwa. Jiki magayi ne, sai dai ba kowa ke sauraronsa ba.

Babbar alamar share fage ita ce nauyin ƙirji da ke zuwa idan an yi aiki, ya tafi idan an huta. A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 55 mai noman shinkafa a fadama. Ya saba ya ɗauko injin ban ruwa daga bakin kogi ya haura gaɓa da shi ba tare da ya tsaya ba. Bana kuwa da ya kai tsakiyar hawan sai ya ji an matse masa tsakiyar ƙirji, ya sauke injin, ya dafa gwiwa, ya yi minti uku ko biyar yana mayar da numfashi, abin ya sake shi. Ya ce tsufa ne. Bayan mako biyu tafiya masallacin Juma'a da ɗan sauri ta isa ta tayar da shi. Bayan wasu kwanaki kuma ya zo masa yana zaune a kan tabarma bayan sallar isha'i, bai ɗauki komai ba.

Waɗannan matakai uku kowane yana da ma'ana. Na farko yana nuna jijiya ta tsuke, jinin da ke wucewa yana isa lokacin hutu amma ba ya isa lokacin aiki. Mai wannan ya ga likita cikin 'yan kwanaki. Na biyu, wato ciwon ya riƙa zuwa da ƙaramin aiki, ko ya yawaita, ko ya riƙa daɗewa, yana nuna lamarin ya canja. Na uku, ciwon da ke zuwa ana zaune ko ya tashi mutum daga barci, alama ce cewa kitsen ya tsage, jini ya fara daskarewa. Mai mataki na biyu da na uku asibiti zai tafi a ranar, ko da ciwon ya lafa.

Sauran alamomin share fage sun haɗa da gajiyar da ba a san dalilinta ba, haki a kan aikin da a da ba ya sa haki, rashin barci, yawan faɗuwar gaba, da ƙwarnafi da ya zo wa wanda bai saba yin sa ba. A wani nazari da aka buga a Amurka a 2003 a kan mata 515 da suka tsira daga bugun zuciya, kimanin kashi 70 cikin 100 sun ce sun yi fama da wata irin gajiya tun fiye da wata guda kafin ranar, kusan rabi kuma barci ya gagare su. Abin da za a riƙe a nan shi ne canji. Uwar gida da ta saba daka da jan ruwa a rijiya, yau guga biyu sun sa ta zauna tana haki ba tare da zazzaɓi ko ƙarancin jini ba, tana bukatar a duba zuciyarta.

Na biyar: Alamomin lokacin da abin ya auku

Alama ta farko ita ce ciwo a tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin ƙirji. Masu shi ba su cika kiransa ciwo ba. Sukan ce an danne su, ko an ɗaure ƙirjin, ko nauyi, ko zafi. Idan aka ce su nuna wurin, sukan ɗora tafin hannu gaba ɗaya ko su dunƙule hannu a tsakiyar ƙirji, ba sa nunawa da ɗan yatsa. Yakan wuce minti 15, hutu ba ya kore shi, wani lokaci ya lafa ya dawo.

Ta biyu, ciwon yana yaɗuwa. Yakan sauka hannun hagu, wani lokaci na dama ko duka biyun, yakan hau wuya da muƙamuƙi har mutum ya zaci haƙori ne, yakan ratsa zuwa tsakanin kafaɗu ta baya, ko ya sauka ƙahon zuci.

Ta uku, gumi mai sanyi. Wannan alama ce mai ƙarfi ƙwarai. Gumin zafin Afrilu daban yake, domin jiki da ɗumi yake fitar da shi. Wannan kuwa mutum yana cikin inuwa ko cikin hunturu, riga ta jiƙe sharkaf, a taɓa goshinsa a ji sanyi, fuska da leɓe su yi fari-fari.

Ta huɗu, sarƙewar numfashi, da ciwon ƙirji ko babu. Ta biyar, tashin zuciya da amai. Ta shida, jiri, ganin duhu-duhu ko suma. Akwai kuma tsoro mai tsanani da kan sauko wa mara lafiya har ya fara wasiyya. Idan dattijo mai dauriya ya dafe ƙirji ya ce shi kam tasa ta ƙare, kada a tsaya ba shi baki, a nemo mota.

Ba dole ne alamomin su taru duka ba, kuma akwai rukuni uku da ciwon ƙirjin kan yi musu sauƙi ko ya ƙi bayyana sam. Na farko mata: a nazarin mata 515 da aka ambata ɗazu, kashi 43 cikin 100 ba su ji ciwon ƙirji ba a lokacin da abin ya same su, sai haki da kasala da gumi da amai. Na biyu masu ciwon sukari, domin sukari yana dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Na uku tsofaffi, waɗanda abin kan zo musu da ruɗewa ko faɗuwa ko numfashi sama-sama. Bugun zuciya ya fi aukuwa daga asuba zuwa hantsi, kuma sanyi mai tsanani, ɓacin rai, da aikin ƙarfi na farat ɗaya ga wanda bai saba ba suna iya tayar da shi.

Wane ciwon ƙirji ne kuma bai cika zama na zuciya ba? Wanda ake nunawa da ɗan yatsa guda, wanda ke ƙaruwa idan an danna wurin ko an juya jiki, wanda ke suka na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce, da wanda ke tare da tari da zazzaɓi. Wannan dai jagora ne kawai. Ga mai hawan jini ko sukari da ya haura 40, hukuncin na ma'aikacin lafiya ne.

Na shida: Abin da ke jawo jinkiri

Babban abin da ke cinye lokaci shi ne a ce olsa ce. Kusan duk zafin da ya taso tsakanin cibiya da maƙogwaro, a ƙasar Hausa gyambon ciki ake fara zargi. Sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin olsa, a kawo madara, a jiƙa kanwa, a ce a jira a gani. Alhali bugun da ya shafi ƙasan zuciya a ƙahon zuci yake bayyana, tare da amai da gyatsa, har ma'aikacin lafiya yana iya ruɗewa idan bai yi awo ba. Gyambon ciki yana da alaƙa da abinci da yunwa, kuma mai shi ya san yadda nasa yake. Zafin da ya zo da gumi mai sanyi, ko haki, ko ya hau hannu da wuya, ko ya bambanta da wanda aka saba, a ɗauke shi na zuciya har sai awo ya nuna ba shi ba ne. Samun sauƙi bayan shan maganin olsa ma ba hujja ba ne, tunda ciwon zuciya yakan lafa da kansa ya dawo.

Na biyu dauriya. An tarbiyyantar da namiji a kan kada ya yi raki, mace kuma a kan kada ta tayar da hankalin gida. Sai mutum ya kwana yana juyi, yana jiran gari ya waye don kada ya tashi maƙwabci mai mota. Shin wane maƙwabci ne zai fi son a tashe shi don jana'iza a kan a tashe shi don asibiti?

Na uku jiran izini. Mace tana ciwo tun hantsi, maigida yana kasuwar Malam Madori ko ya tafi su, waya ba ta shiga. Maganin wannan yana hannun magidanta: kowa ya bar izini a gidansa tun yau cewa idan irin waɗannan alamomi suka bayyana a fita asibiti ba sai an same shi ba.

Na huɗu fara zagayen magani: tofi, rubutu, hayaƙi, ƙaho. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota. Wanda abin ya same shi yana azumi kuma, shari'a ta ba mara lafiya damar ya sha ya rama, don haka babu dalilin jiran magariba kafin a karɓi magani.

Na biyar hanya. Daga Haɗeja zuwa Kano kusan kilomita 200 ne. A watannin Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, ruwa kan yanke ƙauyuka da dama a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, sai da kwalekwale ake fita. Nisa da ruwa ba a hannun mara lafiya suke ba. Awannin da ake ɓatawa a cikin gida kafin a yanke shawarar fita kuwa a hannun iyali suke, kuma sau da yawa sun fi na hanya yawa.

Na bakwai: Abin da ya kamata a yi

Da zarar an ga alamomin, mara lafiya ya dakatar da duk abin da yake yi. A zaunar da shi a jingine, a sassauta masa tufafi, a rage cunkoso a kansa. Kada ya taka da ƙafa zuwa bakin titi, kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. A samo mota ko a-daidaita-sahu, wani ya zauna kusa da shi. Inda lambar gaggawa ta 112 take aiki a kira, amma kada jiran amsa ya hana neman abin hawa.

A ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, kada ya haɗiye shi a dunƙule, domin taunawa ta fi saurin kai shi cikin jini. Asfirin yana hana gudan jinin ƙara girma, kuma wani babban gwaji da aka buga a 1988 ya nuna shi kaɗai ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓarsa, ko mai aman jini ko baƙin bayan gida, ko wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya saki, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Wanda likita ya riga ya rubuta wa maganin sawa a ƙarƙashin harshe ya yi amfani da shi yana zaune.

A nufi asibiti mafi kusa da ke da likita da na'urar awon zuciya ta ECG. Ga mafi yawan mutanen wannan masarauta Babban Asibitin Haɗeja ne mashiga ta farko, daga nan likita ya ga ko za a tura Dutse ko Kano. Na gabas kuma wasu sun fi kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Mai hawan jini ko sukari ya tambayi ma'aikacin lafiyar garinsu tun yana lafiya inda ake wannan awo, ya ajiye lambar direba biyu, ya ware ɗan kuɗin mota.

Idan an isa, kada a bi layin yankar kati a yi shiru. A faɗa wa nas kai tsaye cewa ciwon ƙirji ne da gumi, ga lokacin da ya fara. Ƙa'idar aikin ita ce a yi ECG cikin minti 10 da isowa. Awon farko yana iya fitowa lafiya alhali ciwon yana nan, shi ya sa ake maimaitawa, a kuma auna wani sinadari a jini mai suna turoponin da tsokar zuciya ke saki idan ta ji rauni. Idan an tabbatar jijiya ta toshe, ana buɗe ta ko dai da allurar narkar da gudan jini, ko da zura siririn bututu a faɗaɗa wurin a sa masa abin tokara. Aiki na biyun a 'yan cibiyoyi kaɗan na manyan birane ake yin sa a Nijeriya. Allurar kuwa ta fi amfani a awanni biyu zuwa uku na farko, bayan awa 12 kuma amfaninta kaɗan ne.

Idan mutum ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, zuciya ta tsaya. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Kada a yayyafa masa ruwa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, a miƙe gwiwar hannu, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa har a kai ga ma'aikatan lafiya. Ya kamata a koyar da wannan a makarantun Islamiyya na matan aure, da tashoshin mota, da ƙungiyoyin masunta da na manoma, domin su ne a wurin lokacin da abin yake faruwa.

Kammalawa

Bugun zuciya toshewar jijiya ce da ke kashe tsoka cikin awanni, kuma sau da yawa yana aiko da sanarwa kafin ya zo. Nauyin ƙirji da ke zuwa da aiki yana bukatar likita cikin kwanaki. Wanda ya zo ana zaune, ko ya wuce minti 15, ko ya taho da gumi mai sanyi, haki ko amai, yana bukatar asibiti nan take, dare ne ko rana. Zuwa asibiti a ce olsa ce asarar kuɗin mota ce kawai, zama a gida alhali zuciya ce kuwa yana iya zama asarar rai.

Kira ga duk wanda ya haura 40 shi ne ya auna jininsa da sukarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi. Mai shan taba ya daina, masu girki su rage gishiri da dunƙule, kowane gida mai dattijo ya ajiye asfirin a inda kowa ya sani. Limamai da masu unguwanni kuma su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su samu zuwa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili a buɗe yake ga mai tambaya ko ƙarin bayani.